Kwalabe Goma Sha Takwas na Kogin Wudil

A shekarun da kuɗin mai suka fara malala a ƙasar nan, komai sabo ake saye, ba mai gyaran tsoho. Jami'ar da Halliru yake karatu ma ta sami rabonta. Akwatuna suka iso daga ƙasar waje cike da kayan gwaji, har da madubai masu nuna ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Da dogon hutun damina ya zo, aka zaɓi ɗalibai takwas cikin masu karanta ilmin halittu da na sinadarai, aka ce su ba su da hutu, za su zauna mako shida su koyi bincike da hannunsu. Halliru yana cikinsu, kuma sai da ya tabbatar duk danginsa sun ji.

Mai kula da su Dakta Labaran ne, gajeren mutum mai rowar dariya. Ranar farko ya raba su biyu. Huɗu za su fita garuruwa su riƙa ɗebo ruwa, huɗu su zauna a ɗakin gwaji suna auna abin da aka kawo. Bayan mako uku a yi musanya. Da ya gama rabon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce:

"Kuskure ina yafe shi. Wanda ya fasa kwalba ya zo ya faɗa, a ba shi wata. Amma wanda ya kawo mini ruwan da ba na wurin da ya rubuta ba, ran nan zai kwashe kayansa, kuma zan rubuta dalili in sa a fayil ɗinsa. Duk inda ya je neman aiki, takardar za ta riga shi isa."

Aka ba Halliru Wudil, don yana da gwaggo a can wadda zai sauka wurinta. Bai so ba. Shi ɗakin gwaji yake ɗoki, ya sa farar riga ya leƙa madubi. Ɗiban ruwa a ganinsa aikin 'yan garuwa ne. Ya dai lallashi kansa da cewa mako uku kamar gobe ne.

Aikin ba shi da wuya. Kowace Litinin da Alhamis, da ya idar da sallar asuba, zai gangara kogi da kwalabe uku. Ɗaya ya cika sama da gada, ɗaya a ƙasa inda ruwan marina yake gangarowa, ta uku a mashayar shanu kusa da kara. Akwai ta huɗu, wadda ake cikowa a wata rijiya a ƙauyen Indabo. Kwalaben masu duhu ne, an dafa su an rufe tun daga jami'a. Dokar ita ce da ka cika kwalba, nan take a bakin ruwan ka naɗe murfinta da filasta, ka sa hannu a kai. Da azahar kuma direban jami'a, Ɗantani, zai zo da Landiroba ya ɗauki akwatin.

Halliru ya ga naɗe filasta da jiƙaƙƙen hannu a bakin kogi ɓata lokaci ne. Sai ya sauƙaƙa wa kansa. Ya ciko ukun nan na kogi, ya kawo gida ya jera a akwati, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya hau keke ya tafi Indabo da kwalba ɗaya, don hanyar duk ramuka ce da taɓo. In ya dawo sai ya naɗe duka huɗun a lokaci guda, a inuwa, a zaune. Haka mai wayo yake yi: ya ɗauki doka ya gyara mata zama, yana ganin wanda ya kafa ta bai yi tunani ba.

Gwaggo Hansai ƙanwar mahaifinsa ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da kanta da sayar da fura a bakin gada, kuma direbobin manyan motoci sun san ta da tsabta. Ba ta kiran sunan Halliru, don sunan mahaifinta ne aka sa masa. Ranar da ya fara shigowa da kwalabe tana tsakar gida tana wanke ƙwarya.

Ta ce, "Babana, wannan ruwan fa? Ga randa cike."

"Ba na sha ba ne, Gwaggo. Jami'a za a kai."

"Wa zai yi amfani da shi a can?"

"Dubawa za a yi. Manya ne, daktoci."

Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta saitin rana, ta daɗe tana kallo. Damina ta yi nisa, kogi ya kawo, ruwan ja wur kamar an dama jar ƙasa. Ta nuna takardar da ke manne a jiki.

"Nan me aka rubuta?"

"Wudil. Mashayar shanu."

"Su duba su ga me?"

Yana ɗaure ƙafar wandonsa don kada sarƙar keke ta kama. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Abin da tsawo, Gwaggo. Ba za ki gane ba."

Ta ce, "To." Ta mayar da kwalbar inda take.

Matar da ta goya shi lokacin da aka yaye shi, ita ce bai da minti biyar ɗin da zai yi wa bayani. Sau biyu ta sake tambaya a makon, amsar ba ta canja ba. Daga nan ta daina.

Ranar Alhamis ta mako na uku Halliru ya haɗa jakarsa tun safe, ya goge takalmi, don a lissafinsa ya gama da kogi. Da Ɗantani ya zo, bai ko kashe mota ba.

"Likita bokan Turai, hau mu tafi. Dakta ya dawo daga taro a Legas jiya, yau ya ce in kawo ka, ko da ƙafa ɗaya cikin wando."

"Lafiya dai, Malam Ɗantani?"

"Ni direba ne, ba a gaya mini lafiya. Amma da yake faɗa, har gilashinsa ya cire. Ni dai in na ga ya cire gilashin nan, sai in tuna ina da tayar da zan duba."

Da suka isa, sai da aka auna kwalaben ranar kafin a kira shi. Dakta Labaran yana zaune da babban littafin da masu gwaji suke rubuta sakamako. Bai amsa gaisuwa ba sai da Halliru ya maimaita. Bai ce ya zauna ba.

"Ka san mashayar shanu ta Wudil?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ko yau da safe ina can."

"Ni ma na san ta. Shanu ɗari nawa suke shiga ruwan nan ran kasuwa?"

"Suna da yawa."

"Suna fita waje su yi kashi, ko a ciki suke yi?"



Dakta ya juyo masa da littafin. "Duba. Ruwan mashayarka ya fi na rijiyar Indabo haske. Na bakin marina babu ko alamar baba a cikinsa. Wurare uku daban, kwana shida daban, a tsakiyar damina, duk ruwa iri ɗaya garai-garai. Kuma kowace kwalba akwai alimun a ciki. Kogi yana haƙo alimun ne?"

"A'a."

"A ina ake zuba wa ruwa alimun?"

"A gidan ruwa."

"Daga nan ya bi ina?"

"Famfo."

"Madalla, ka san karatunka. Kwalba goma sha takwas ka tara a famfo, ka manna musu sunan kogi. Ta Indabo ce kaɗai ta gaskiya, wataƙila akwai wadda kake zuwa gani a can."

"Wallahi, ranka ya daɗe, da hannuna na..."

"Kada ka rantse mini, ban iya auna rantsuwa ba. Na ba ka zuwa Litinin. Ka kawo mini abin da zan auna, ko ka zo da jakarka."

Ya koma Wudil a motar haya, ransa a dagule. Ran Juma'a gari ya cika da 'yan kasuwa da shanu, shi kuwa yana bakin mashaya a tsugune yana kallon ruwan kamar zai ba shi amsa. Ya zargi Ɗantani, ya ce ko kwalabe yake fasawa a hanya ya cike gurbi. Ya zargi 'yan'uwansa masu gwaji, ya ce hassada ce. Kowa ya zarga, ban da kansa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san ya shiga taɓo har gwiwa sau shida, ƙaya ta soke shi, wani bijimi ya taɓa kora shi, amma ga shi za a rubuta masa maƙaryaci a takardar da ba ta goguwa.

Asabar da hantsi yana zaune a bakin ƙofar ɗaki, mai garuwa ya juye wa Gwaggo Hansai ruwa a randa, ja kamar kullum. Ta miƙa hannu saman katanga ta ɗauko wani farin dunƙule a cikin gwangwani, ta tsoma hannu a randar tana juyawa. Abin da yake gani tun yana yaro ne, bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Sai ya tuna maganar Dakta.

"Gwaggo, mene ne a hannunki?"

"Yau kuma? Alimun mana."

Ya miƙe tsaye. "Kwalabena. In na tafi Indabo, kina taɓa su?"

"Ina gyara su dai." Ta ci gaba da juya ruwanta. "Ai na zaci ka lura ka yi shiru ne don kunya. Ko sannu ba ka taɓa ce mini ba."

"Gyarawa kamar yaya?"

"In juye a daro, in sa alimun, in bari ya kwanta, in tace, in wanke kwalbar in mayar. Ɗaya bayan ɗaya nake yi, ban taɓa haɗa maka su ba. Kullum sai furata ta makara saboda kai."

Maganar da ta taso masa ba irin wadda ake faɗa wa gwaggo ba ce. Ya haɗiye ta. Ya zagaya tsakar gidan, ya dawo.

"Gwaggo, kin kashe ni. Dauɗar nan ita ake nema! Ita za a auna!"

"Dauɗa ake nema?" Ta tsame hannunta ta yarfe. "Ka ce mini manya za a kai wa. Ka ce an rubuta Wudil a jiki. Baƙo ko mahaukaci ne ba a miƙa masa ruwa da kashin shanu a ciki, balle dakta. In bari a ɗaga kwalba a gaban mutanen birni a ce ga abin da Wudilawa suke sha? Ina raye?"

"Ai da kin tambaye ni."

"Sau uku, Babana. Ka ce ba zan gane ba. To, na yi iya abin da na gane."

Gaskiya ta faɗa. Ya durƙusa, ya sassauta murya, ya gaya mata komai: dokar Dakta, zargin famfo, fayil, Litinin. Bayanin da ya ce yana da tsawo, kafin ruwan randa ya gama kwanciya ya ƙare. Ta saurara, fuskarta ta canja, ta yi salati.

Ya ce, "Ki taimake ni ki bi ni ran Litinin, ki faɗa masa da bakinki."

"Ba ni zuwa."

"Gwaggo!"

"In shiga motar Ɗantani? Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ko yana cin abinci? Kafin la'asar duk direban da ke bin hanyar nan ya ji cewa Hansai mai fura ita ce gwanar wanke ruwan kashin shanu. Wa zai tsaya ya tambaya ko da shi nake dama fura? Shekara ashirin ina tsare sunana a bakin gadar nan. Kai ka faɗa masa, ai kai ne mai baki da Turanci."

Ya roƙa har ya gaji. Ta ce ko mahaifinsa ne ya zo, amsar ke nan. Da ya huce ya yi tunani, ya ga ko ta je ma ba lalle ta fisshe shi ba. Wanda ake zargi da tara ruwan famfo, me zai hana a ce ya ɗauko tsohuwa ya koya mata magana? Dakta ya ce abin da zai auna yake so. To, sai a ɗebo ruwa guga ɗaya a kowane wuri, a raba biyu, rabi a bar shi yadda yake, rabi a yi masa abin da Gwaggo take yi. In na biyun ya fito daidai da abin da ke cikin littafi, magana ta ƙare.

Ko a nan girman kai bai sake shi ba. Ran Lahadi ya sayo alimun a kasuwa ya shiga ɗaki ya gwada shi kaɗai. Na farko ya zuba da yawa, ruwan ya yi bauri har yana kama harshe. Na biyu ya ƙi kwanciya. Na uku ya kwanta, da ya zo tacewa ya girgiza daron, laka ta sake tashi. Shekara biyu yana karanta sinadarai, ya san sunan alimun na littafi da yadda ake rubuta shi da haruffa da lambobi, amma bai iya sa ruwa kofi biyu ya kwanta ba. Da la'asar ya fito da daro a hannu, rigarsa a jiƙe.

"Gwaggo, ki koya mini."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Abin da tsawo fa."

Ya sunkuyar da kai. Ta bar shi a tsaye har ta gama tankaɗe garin da ke gabanta, sannan ta ce ya kawo ruwan gobe da sassafe, kuma da sharaɗi: ko a gaban wa, kada ya ambaci sunanta ko sana'arta. Ya ce wata tsohuwa a gidan da ya sauka, shi ke nan.

Litinin ya dawo daga kogi da kwalabe uku a naɗe da filasta tun daga bakin ruwa, da wasu uku a buɗe. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna, ta ce shi zai yi da hannunsa.

"Ba a marmasa shi, wa ya ce maka gishiri ne? Riƙe dunƙulen. Tsoma. Juya, a hankali, ba tuwo kake tuƙawa ba. Bakwai. Cire! Ka ji mutum, na ce bakwai yana neman tara."

"Minti nawa zai yi kafin ya kwanta?"

"Ina na san minti? In na gama wanke ƙore ya yi."

Ya duba agogonsa ya rubuta. Ya rubuta girman daron, da irin ƙyallen tacewa, da yadda take karkata daron ba tare da ta motsa na ƙasa ba. Da ya kai kwalba ta uku ta ce, "Wannan dai a iya ba baƙo." Indabo kuwa ran nan ba a je ba.

Ya bi Ɗantani da kwalabe shida a kan cinyarsa. Dakta ya saurari labarin bai katse shi ba, bai kuma nuna ya yarda ba. Ya kira masu gwaji ya ba su, ya ce awon sinadari zai fito yau, amma ƙirgen ƙwayoyin cuta sai sun kwana biyu. Ya hana Halliru shiga ɗakin, tunda aikinsa ake bincika. Kwana biyun nan a kan benci ya yi su a baranda. Waɗanda suka dawo daga sauran garuruwa suna wuce shi da fararen riguna, wasu su gaishe shi, wasu su ɗauke kai.

Laraba da hantsi aka kira shi. Littafin yana buɗe.

Dakta ya ce, "Ukun da ka tace sun yi daidai da na baya, har yawan alimun ɗin. Ukun da ba a taɓa ba kuwa, ruwan kogi ne sosai, na mashayar ma ban so in tuna abin da ke cikinsa ba. Ba ka yi ƙarya ba. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, na janye."

Halliru ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

"Kada ka yi saurin godiya. Tsohuwar nan ta yaya ta buɗe kwalbar da aka naɗe aka sa wa hannu?"

Ya faɗi gaskiya, don ba sauran wurin ɓuya.

Dakta ya ɗauki jan biro da rula. Layi ɗaya bayan ɗaya ya riƙa sokewa, ba gaggawa, Halliru yana tsaye yana kallo, har sha takwas.

"Ruwan farkon cikar kogi ya wuce, ba mai dawo mana da shi sai baɗi. Abin da ya rage shi ne a sami na ƙarshen damina, kada Wudil ta tashi babu komai. Kai za ka ɗebo."

"Ranka ya daɗe, ai an yi musanya. Yanzu lokacina ne na ɗakin gwaji."

"An yi wa waɗanda suka gama nasu. Wanda zai karɓe ka na tura shi wani gari."

"Ko mako ɗaya ne, a ƙarshe. Ban taɓa ko..."

"Babu. Kuma a rahotonka za ka rubuta shafi guda a kan yadda kwalabe sha takwas suka lalace, da sunanka a matsayin wanda ya bar su a buɗe. Kai za ka karanta wa 'yan'uwanka ranar rufewa." Ya rufe littafin. "Fayil ɗinka ba abin da zai shiga. Je ka, gobe Alhamis."

A waje Ɗantani yana loda akwatin dafaffun kwalabe a bayan mota. Ya dubi fuskar Halliru, ya dubi jakar da ke hannunsa.

"Likita, tasha zan kai ka ko Wudil?"

"Wudil."

"To, alhamdu lillahi, ba a kore ka ba ke nan. Me ya sa fuskar take kamar an kore ka?"

Halliru ya buɗe ƙofa ya shiga, ya jawo ta da ƙarfi, ta ƙi rufuwa sai da ya sake bugawa.